Amsar tambayarka kan teburin lissafi

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Yamai, ya zafi, ya iyali? Ka gaida min madam da yara, ka ce wa babban ina nan ina jiran hoton allon da ya ce zai turo min. Saƙon muryarka da kake tambayar yadda za ka haɗa teburin lissafi a Power BI, manhajar nan ta haɗa rahoto daga lambobi, ya shigo tun daren Talata, wallahi ba share ka na yi ba, kaka ce ta kama, riɗi na ta sauka a Dawanau, tun asuba muke fita sai bayan isha'i nake ganin gida. Kuma da na saurara na ga wannan ba maganar minti biyu ba ce, shi ya sa na bari sai yau da na samu zama in rubuta maka a tsanake.

Da farko barka da sabon aiki, Allah ya sa albarka, ƙungiyar manoman albasa ba ƙaramin wuri ba ne. Na ji yadda ka kwashe sati guda kana haɗa zane-zane a Power BI, ga taswira ga da'ira mai kala-kala, ka kai wa shugabanku ya duba ya ce to ina lissafin. Kar abin ya dame ka, ni ma haka Alhajinmu ya yi min farkon zuwana, kuma daga baya na gane gaskiyarsa. Mutumin da ya shekara talatin yana riƙe da littafin ciniki, abin da idonsa ya saba da shi layi ne da lamba, sunan gari, buhu nawa, kuɗi nawa, saura nawa. Zane yana nuna maka abu ya hau ko ya sauka amma ba da zane ake biyan manomi ba. Don haka ni dai shawarata ka fara da teburi, ka gyara shi har ya yi daidai da littafinsu kobo bisa kobo, in sun yarda da teburin za su yarda da duk abin da ka ɗora a kansa daga baya.

Kafin ma ka taɓa teburin, ka tsaya a Power Query tukuna, wato ɓangaren Power BI da ake gyara fayil kafin ya shiga rahoto, nan ne rabin aikin yake. Fayilolin da wakilanku ke turowa daga ƙauyuka na san yadda suke, irin namu ne, an haɗe gidajen teburi uku wuri ɗaya an rubuta sunan gari sau ɗaya, watanni an jera su a kwance kowane wata da nasa kolom, sannan a ƙasa wani ya ƙara layin jimilla da hannunsa. Wannan layin jimillar ka fara cire shi, in ka manta komai naka zai ninka biyu. Sunan garin da aka rubuta sau ɗaya ka yi masa Fill Down ya sauka ya cike guraben, watannin kuma ka yi musu Unpivot su dawo a tsaye, kolom ɗaya na wata kolom ɗaya na adadi. Daɗin abin shi ne duk matakin da ka ɗauka yana rubuta shi a gefen dama, wata mai zuwa in sabon fayil ya zo sai dai ka danna rifresh, maɓallin sabuntawa, kawai ya maimaita da kansa.

Sai maganar sunaye, wadda a wajenku ma za ta fi tamu tsanani tunda kuna da rubutun Faransanci da na Hausa a haɗe. Wani zai rubuta Tahoua wani Tawa, wani Madaoua wani Madawa, Birni N'Konni kuwa sai ka same ta kala huɗu, kwamfuta kuma ba ta san gari ɗaya ba ne, kowanne layinsa daban za ta ba shi. Ni abin da na yi, na buɗe ɗan ƙaramin teburi daban, gefe ɗaya duk yadda mutane ke rubuta sunan, ɗaya gefen sunan da muka tsayar, na haɗa shi da babban. In kuma fayil ɗin CSV ne, wato teburin da aka adana a matsayin rubutu zalla, ka ga ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun zama wasu alamomi, wajen shigo da shi ka zaɓi tsarin haruffa na 65001 wato UTF-8, za su dawo daidai. Na daɗe ina gyara Ƙaraye da Ɗambatta da hannu kafin na gano wannan.

Wani abu da ya shafe ka kai musamman, Excel ɗin Faransanci waƙafi yake sakawa inda mu muke saka ɗigo, 12,5 a wajenku sha biyu da rabi ne, in kwamfutarka a tsarin Amurka take tana iya karanta shi 125 ba tare da ta ce maka uffan ba. Haka kwanan wata, 03/04 a wajenmu uku ga Afrilu, a Amurka huɗu ga Maris. Wajen canza nau'in kolom akwai Using Locale, ka zaɓi Faransanci a nan. Kuma dan Allah ka tambayi kowane wakili da me yake ƙirga kuɗi, domin na tuna lokacin da na zo wajenka Maraɗi mai shayi ya ce min dala ashirin ashe sefa 100 yake nufi, to in wani ya rubuta da dala wani ya rubuta da sefa a kolom ɗaya, bambancin ninki biyar ne, babu manhajar da za ta gano maka wannan sai kai da ka san mutanenka. Mu nan namu rikicin buhu ne da kilo da tan, na mayar da komai kilo a ciki, a teburin da Alhaji ke gani kuma na bar masa buhu tunda shi ya sani.

To yanzu teburin kansa. Iri biyu ne a ciki, akwai Table akwai Matrix. Na farkon jeri ne miƙaƙƙe kamar littafin bashi, shi ya dace da sunayen manoma da abin da kowa ya kawo. Na biyun shi ne kamar fibot tebul na Excel, ka sa jiha a layi, ƙarƙashinta gari, ƙarƙashinsa kasuwa, watanni kuma a sama, sai ya ba ka ɗan alamar ƙari a gefe, shugaba ya danna Tawa ya ga Galmi da Madawa da Konni sun buɗe. Wannan dannawar kaɗai ta sa Alhajinmu ya fara karɓar kwamfutar da hannunsa.

Da ka ja watanni za ka ga ya jera su da harafi, Afrilu, Agusta, Disamba, Fabrairu, haka. Maganinsa ka yi kolom na lambar wata daga 1 zuwa 12, ka zaɓi sunan watan ka ce Sort by column da wannan lambar. Ku da kakar albasarku ba da Janairu take farawa ba, kana ma iya ba watan da kuke fara sayen kaya lamba 1, teburin ya bi kaka maimakon kalanda. Lambar waya kuma ka mayar da ita rubutu tun daga farko, in ba haka ba mu nan sifilin gaban 080 ɓacewa yake yi, kuma duk abin da ya gani lamba ne tara shi yake son yi, har shekara da lambar katin memba, sai ka ce masa kar ya tara.

Inda nake so ka fi nutsuwa shi ne layin jimilla na ƙasa, nan ne na taɓa jin kunyar da har yau ban manta ba. Na kai rahoton matsakaicin farashin da muka sayi kaya, Alhaji ya kalla ya ce wannan ba kuɗin da na fitar ba ne, a gaban yaransa na shago, kuma shi ke da gaskiya. Abin da ya faru, a ce ka sayi buhu 10 a kan 50,000 sannan ka sayi buhu 200 a kan 40,000, in ka bar shi ya ɗauki matsakaicin kolom ɗin farashi zai ba ka 45,000, alhali kuɗin da ya fita 8,500,000 ne a kan buhu 210, wato kowane buhu ya tsaya a 40,476. Kaga bambancin ya wuce 4,500 a buhu ɗaya, mutum zai iya tsayar da farashin sayarwa a kan lambar ƙarya. Tun ranar na daina jan kolom kai tsaye, sai in rubuta ma'auni, wato ƙa'idar lissafi tawa, da DAX, yaren lissafin Power BI, jimillar kuɗi a raba da jimillar buhu, kuma da umarnin DIVIDE nake rabawa saboda in aka ci karo da sifili ba ya cika maka teburi da kuskure. Ka riƙe wannan, layin ƙasan nan ba tara layukan sama yake yi ba, sake lissafin yake daga tushe a kan dukkan data, shi ya sa in kana ƙirga manoma ba tare da maimaici ba, wanda ya kai kaya kasuwa biyu zai fito a kowace kasuwa amma a jimilla sau ɗaya ne, sai ka ga sama 60 da 50 ƙasa kuma 104. Ba kuskure ba ne amma ka yi wa shugaba bayani tun kafin ya gano da kansa.

Haka gurbin da ba komai da gurbin da ke da sifili, ba ɗaya ba ne. Sifili yana nufin an je kasuwa ba a sayi komai ba, fanko kuma yana nufin wakili bai turo rahoto ba. Akwai masu ƙara +0 a ma'auni don teburi ya cika ya yi kyau, ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin ka ɓoye wanda bai yi aikinsa ba kenan, kuma ka sa a zargi kasuwar da ba ta da laifi.

Kwalliya kuwa kaɗan ta isa. Ka canza kan kowane kolom zuwa kalmar da mutanenka ke faɗa, danna sunan sau biyu kawai za ka yi a inda ka ajiye shi, ni nawa Gari, Buhu, Kuɗin saye, Saura, shikenan. Lambobi su jingina dama, rubutu hagu, kuɗi a rubuta shi cikakke kar ya taƙaita maka shi zuwa 8.5M, ɗan kasuwa so yake ya ga sifilinsa. Kolom shida ko bakwai sun isa, in sun wuce haka sai an ja gefe kuma ba wanda zai ja. In ka daidaita faɗinsu ka kashe abin da ke daidaita faɗi da kansa, in ba haka ba rifresh ɗaya zai watsa maka. Launi kuma wuri ɗaya nake sa shi, kolom ɗin bashin da ya wuce kwana 30, ya yi ja, sauran duk fari. Na taɓa yin kore da ja ko'ina, da aka buga a firinta mai baƙi da fari duk suka koma toka ɗaya, tun daga nan nake haɗawa da ɗan kibiya sama ko ƙasa. Sandunan nan da ke fitowa cikin gidajen teburi gwargwadon girman lamba su ma suna da amfani a kolom ɗin buhu, mutum na kallo zai ga garin da ya fi kawo kaya ba sai ya karanta ba.

Ka kuma tuna a waya za a fi duba shi. Akwai tsarin waya daban a ciki, ka zaɓi kolom uku ko huɗu mafi muhimmanci ka yi masa nasa teburin. Rabawa ta intanet tana buƙatar imel na ma'aikata da lasisi, mu ba mu kai nan ba, PDF nake fitarwa duk Asabar in tura WhatsApp, kuma yana biya mana buƙata. Sai dai wanda ke da sunayen manoma da bashinsu da lambobin wayarsu kar ka jefa shi guruf, amana ce, shugaba da ma'aji kawai.

Ka turo min fayil ɗaya daga cikin na wakilan naku, ka goge sunaye da lambobin waya, in sha Allahu daren Juma'a zan zauna in duba, sai mu yi waya in nuna maka matakan ɗaya bayan ɗaya. Ka faɗa min kuma ko buhun albasarku girmansa ɗaya ne a duk kasuwannin, don in ba ɗaya ba ne sai mun ƙara kolom.

Umma na gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga kilishin da ka yi mata alkawari ba. Ka gaida mutanen gida baki ɗaya.

Naka,
abokinka na Kano