Tocilar goshi ta zama fitilar kekena

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu hawa keke da dare a garin nan na Kaduna.

Ni tela ne. Shagona yana Kasuwar Barci, gidana kuma a Rigasa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na jingine babur, na kakkaɓe tsohon Raleigh na mahaifina, wanda dinamonsa mai ba fitila wuta ya daɗe da mutuwa. Lokacin ɗinkin sallah sai bayan isha'i nake tashi. Wani dare na afka rami cike da ruwa, gwiwata ta fashe, kayan mutane suka sha taɓo. Allah ne ya kiyaye, babu mota a bayana.

Washegari na ɗauko tocilar goshin da nake zura zare da ita idan an ɗauke wuta. Ƙananan batura uku take ci, masu lamba AAA, kuma kafin kwana uku haskenta ya koma na acibalbal. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu. Ya juya ta ya ce, "Ɗana, kowane batir a nan ƙarfinsa bolt 1.5 ne, ukun sun tashi 4.5. Guda ɗaya na litiyam zai riƙe ta." Sai ya zaro wani mai kaurin babban yatsa, wai shi 18650, irin wanda ake samu a cikin batirin tsohuwar laftof. Ƙarfinsa 3.7 ne, idan ya cika caji ya kai 4.2.

A gabana ya buɗe gidan batir, ya liƙa waya biyu da dalma, ja da baƙa, ya ja su zuwa wani ɗan akwatin roba da batirin yake ciki. Ya haɗa da ɗan allon caji mai kariya, wanda ke yanke wuta idan batir ya cika ko ya yi ƙasa sosai. Da cajar waya nake cika shi a shago. Ni kuma na ɗinka masa 'yar jakar leda saboda ruwan sama, na rataye ƙarƙashin sirdi, kan tocilar na ɗaure shi a kan keke da tsohuwar robar taya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, maƙwabtana sun gani suna kwaikwayo, amma da ganganci. Wani yaro ya jera batir biyu kai da gindi, ƙarfin ya ninka, nan take ƙwan ya ƙone. In biyu za a sa, sai a haɗa kai da kai, gindi da gindi, kuma su zama iri ɗaya masu caji daidai. Wani kuma na ga ya jefa batirin tsirara cikin aljihu tare da makullai. Wallahi gabana ya faɗi, domin litiyam yana kama wuta idan ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu. Batirin da rigarsa ta yage ko ya lotsa, a rabu da shi.

Sannan a sunkuyar da hasken ya sauka 'yan taku kaɗan gaban taya. Na taɓa haske wa wani mai A Daidaita Sahu ido, saura ƙiris ya hau kaina, kuma laifina ne.

Ina roƙon masu sana'a na Panteka su ƙera mana maɗauri na ƙarfe mai sauƙin kuɗi, don robar tana zamewa a gargada. Yanzu jar fitilar baya nake nema.

Naka,
Wani tela daga Rigasa, Kaduna