Ku bar kiɗan ya kai ƙarshe mana

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Tun daren Asabar abin nan yake cina, yau dai na ce sai na amayar da shi. Kun sa waƙar Gimme Some Lovin' a shirinku na rediyo, na tashi daga kishingiɗe na ƙara murya, ogan, wato abin kiɗan nan mai kama da fiyano, ya fara wannan kukan nasa ke nan, sai yaronku mai gabatar da shirin ya hau kansa da surutu, yana gai da mutanen layinsu ɗaya bayan ɗaya har da mai shayi. Kafin ya gama an wuce wurin. Bai tsaya nan ba, ya ce wai Steve Winwood mawaƙi ne da ya yi tashe a 1986, kuma yaransa sun iya kiɗa. Waɗanne yara? Hannun da ya danne da gaishe-gaishensa ai na Winwood ɗin ne, yana ɗan shekara 18, a 1966.

Na san inda aka samo wannan fahimta. A wajenmu mawaƙi yana gaba, masu kalangu da 'yan amshi suna baya, shi ya sa yaron ya ɗauka ko'ina haka ne. To ya tuna da masu kukuma da gurmi, waɗanda bakinsu da yatsunsu suke aiki tare. Irinsu ne wannan Bature. An haife shi a Birmingham a 1948, bai cika shekara 16 ba ya shiga ƙungiyar Spencer Davis tare da yayansa, ya bar su a 1967 ya kafa ƙungiyar Traffic. Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita, da duk ji da kansa, da ya so kiɗan ogan a waƙarsa Voodoo Chile a 1968 shi ya zaunar. Kundinsa na 1980 kuwa, Arc of a Diver, babu yaro ko ɗaya a ciki: ganguna, jita, fiyano, murya, duk shi kaɗai ya ɗora su ɗaya kan ɗaya a ɗakin ɗaukar sautinsa na gida.

Abin da ya sa ya yi mini zafi haka, shekara talatin da wani abu na yi ina gyaran rediyo da kayan sauti a Zariya. Sau ɗaya tak Allah ya nufa na buɗe bayan Hammond, irin ogan ɗin da Winwood ya kaɗa a waƙar, a wani coci a Sabon Gari, sun kira ni don ya daina tashi. Na kwance murfin na tsaya ina kallo kamar baƙauye ya shigo birni. Ba irin fiyanon nan ba ne na 'yan situdiyo, da za ka danna maɓalli ɗaya ya yi maka ganga da algaita kana shan lemo. Ciki injin lantarki ne yake juya ƙananan faya-fayan ƙarfe masu haƙora, kowanne yana wucewa gaban maganaɗisu yana ba da sautinsa, har mai ake ɗiga masa kamar keken ɗinki. Babbansa ya kusa kilo 200, ƙarti huɗu sai sun yi nishi. Ga kuma akwatin lasifikar Leslie, wanda a cikinsa ƙaho ne yake juyawa, makaɗi ya sa shi a hankali ko da gudu, shi ne kake jin sautin yana rawa kamar zai shigo ta taga. Kwana biyu na yi a kansa, ashe man ne ya bushe. Da ya tashi na danna da yatsa ɗaya, tsigar jikina ta tashi, na dawo shago na ɗauko faifan Traffic ɗin da wani malamin makaranta ya bar mini jingina bai dawo ba, na saurare shi da sabon kunne. Faifan yana nan har yau, ko jikokina ba sa taɓa shi.

To wannan sautin ne yaronku ya mai da shi tabarmar zaman gaisuwa.

Kuma da ya ɗan yi bincike da ya samu abin faɗa wanda ya fi sunan mai shayi. Winwood ya yi aiki da namu. Rebop Kwaku Baah, ɗan Gana, ya shiga Traffic a 1971 yana buga musu ganguna. A 1973 Winwood ya fitar da Aiye-Keta tare da 'yan Najeriya biyu, Remi Kabaka da Abdul Lasisi Amao. Ginger Baker ma, abokin kiɗansa a ƙungiyar Blind Faith a 1969, shi ne wanda ya zo ya tare a Legas ya yi kiɗa da Fela. Ko ɗaya ban ji ba. Sai waƙarsa ta 1986, Higher Love, kawai, ana ta nanata lambar Grammy, kamar ranar aka haife shi, alhali lokacin ya fi shekara 20 yana sana'ar. Ba na ƙin waƙar, Chaka Khan ta yi amshi mai daɗi, amma ita ce mafi nisa da abin da ya sa muke ganin girmansa.

Tunda na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Tallar maganin basir da sanyi da kuke sakawa bayan sha ɗaya na dare, don Allah wa yake saita muryarta? Shiri yana tafiya a hankali, sai ta faɗo kamar an buɗe lasifikar tasha, uwargida ta farka tana salati, ni ake wa faɗa. Ga maganganun da ke ciki ba na jin kunnen yara ba ne. Ni mai gyara ne, na san maɓalli ɗaya ne za a rage.

Buƙatata ita ce ku maimaita shirin. Ku sa waƙar tun daga farko har ƙarshe, a kashe makirfo, in ya so bayan ta ƙare yaron ya gai da duk wanda ya ga dama har asuba. In faifan ne ba ku da shi mai kyau, ku aiko, zan ba da aron nawa, amma da sharaɗin ni zan kawo shi da hannuna in koma da shi a ranar.

Wassalam.

Tsohon mai gyaran rediyo,
Tudun Wada, Zariya.