Amsa ga ɗalibin da ya tambaya: me ya sa 0.4 da 0.3 suka ba da 0.5?

Assalamu alaikum, ɗana.

Tambayarka ita ce: cajin lantarki Q mai +1 µC (microcoulomb, wato 10⁻⁶ na coulomb, ma'aunin caji) yana zaune, A mai +4 µC yana yamma da shi da santimita 30, B mai −3 µC yana arewa da shi da santimita 30. Ka samu ƙarfin 0.7 N (newton, ma'aunin ƙarfi) a kan Q, amsar da aka ba ku kuwa 0.5 N ce.

Rabin aikinka daidai ne. Dokar da Coulomb, masanin Faransa, ya fitar a 1785 tana auna ƙarfin da ke tsakanin caji biyu ne kawai a lokaci guda: F = kq₁q₂/r², F ƙarfi ne, q₁ da q₂ cajin biyu, r tazararsu a mita, k kuwa kusan 9 × 10⁹. Tsakanin A da Q: 9 × 10⁹ × 4 × 10⁻⁶ × 10⁻⁶ ÷ 0.09 = 0.4 N. Tsakanin B da Q, 0.3 N. Abin da ke tsakanin A da B bai shafi Q ba, ka bar shi.

Wajen haɗawa ka zame. Ƙarfi yana da inda ya nufa. A da Q alamarsu ɗaya, don haka A na tura Q gabas. B kishiyar alama gare shi, sai ya ja Q arewa. Akuyar da mutum biyu ke ja, ɗaya gabas ɗaya arewa, tsakiya za ta bi. Tunda kusurwar digiri 90 ce, sai a yi √(0.4² + 0.3²) = 0.5 N, ya karkata digiri 37 daga gabas zuwa arewa. Da B yana gabas da Q ne, to da 0.7 ɗinka ta yi daidai.

Kada ka sa alamar ragi cikin lissafin, don ita ke sa wasu su sami 0.1 N. Ka lissafa girma zalla, alamar ta gaya maka turi ne ko ja, ka zana kibiya a kan Q. Kuma santimita 30 mita 0.3 ce, wanda ya manta, amsarsa za ta ƙanƙance sau 10,000.

In kusurwar ba 90 ba ce, ka raba kowane ƙarfi gida biyu, ɓangaren gabas da ɓangaren arewa. Da B yana digiri 60 daga gabas, 0.3 cos 60° = 0.15 na gabas, 0.3 sin 60° = 0.26 na arewa. Gabas ta zama 0.4 + 0.15 = 0.55, jimla √(0.55² + 0.26²), kusan 0.61 N.

Wassalam,
Malamin fizik