Rahoton kwamiti kan gyaran ɗakin adana kaset-kaset na Birni

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa da kuka sa hannu a wannan aiki, na nan Damagaram da na waje. Tun da aka buɗe ɗakin nan da ake kwafe tsofaffin kaset-kaset na bidiyo zuwa kwamfuta, tambaya guda ke ta dawowa kunnen kwamiti: ina kuɗin suka shiga, kuma don me aka kashe dukiya haka a kan tsofaffin na'urorin bidiyo alhali ga su nan birjik wajen masu gyara? Wanda ya ba da kuɗinsa yana da hakkin ya tambaya, don haka ga bayanin dalla-dalla. Rasit na kowane saye yana hannun ma'aji, duk mai son gani ya zo ya duba.

Abin da aka tara gaba ɗaya miliyan 1 ne da jika 850 na sefa. Gyaran ɗaki ya ci jika 620, sola da batir da na'urar daidaita ƙarfin kuran suka ci jika 410, na'urorin bidiyo biyu da abin da ke kai hoto cikin kwamfuta jika 390, kwamfuta da faifan ajiya jika 330. Jika 100 ce ta rage a asusu.

Kwamiti ya zaɓi soron ƙasa maimakon ɗakin kwano, saboda a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana wuce digiri 40, kuma zafi shi ke lalata sinadarin da ya riƙe hoto a jikin zaren kaset. Da aka ɓare tsohon yaɓe sai aka tarar gara ta cinye azara ta kusurwar gabas, dole aka sauke rufin wajen aka sake shi, abin da ya ƙara tsadar aikin ke nan. An gyara indararo, an toshe tagar da ke kallon hanya saboda ƙurar hunturu, an yi daɓen siminti, an kuma kafa kantocin ƙarfe nesa da bango da ƙasa don kada gara ta samu hanya.

To, sai maganar na'urorin bidiyo, wadda ita ce ta fi jawo surutu. Jika 390 kuɗi ne masu yawa, ba mu musa ba. Amma kaset-kaset ɗin da ke gidajenmu ba iri ɗaya ba ne, ko da yake ido yana ganinsu duk baƙaƙe masu kama da juna. Télé Sahel da tsarin launi na SECAM take watsa shirye-shiryenta a wancan zamani, irin na Faransa, Najeriya kuwa da PAL take aiki. Saboda haka kaset ɗin da aka kawo daga Kano na PAL ne, wanda kuma aka naɗa a gida daga tele, ko kokawa ce ko wasan kwaikwayo ko hawan salla, na SECAM ne. Ba a nan ma aka tsaya ba. SECAM ɗin kansa hanya biyu ake naɗa shi a kan VHS, wato irin manyan kaset-kaset ɗin nan na bidiyo. Na'urorin da aka ƙera wa kasuwar Faransa suna da tasu hanyar, waɗanda kuma aka yi wa ƙasashen Larabawa suna naɗa shi ta hanyar da ake kira MESECAM. In aka sa kaset a na'urar da ba ta san hanyarsa ba, hoton yana fitowa, sauti yana fitowa, amma launi ya tafi, sai fari da baƙi.

Kafin a fitar da ko dala ɗaya, an aro na'urori daga masu gyara an gwada a gaban membobin kwamiti. Kaset ɗin Kano ya fito tangaran. Na hawan salla ya fito ba launi: dogaran Sarki da kowa ya sani da jan kaya suka koma toka-toka, adon dawakai duk ya ɓace. Da a haka aka kwafe su, da 'ya'yanmu sun ɗauka haka aka ɗauki hoton tun asali. Wannan ne ya sa aka nemo na'urar da ke karanta PAL da SECAM da MESECAM duka, kuma irin wannan mai lafiyar kai sai daga Faransa aka same ta. Kuɗin kawo ta yana cikin lissafin.

Wasu sun ce to me ya hana a sayi sabuwa. Babu sabuwa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a shekarar 2016. Duk wadda za ka gani yau ta hannu ce, kuma abin da ke sa farashinta shi ne yawan aikin da kawunanta masu karanta hoto suka yi. Kawunan nan ƙanana ne ƙwarai, suna jikin wata gangar ƙarfe mai juyawa da gudu, zare yana goga su kullum. In sun cinye, hoto sai ya cika da fararen layuka, ba kuma wani gyara sai sauya gangar baki ɗaya. Na'ura ta biyun da aka saya ba almubazzaranci ba ne. Ita ce ta gwaji: kowane kaset da ita ake fara buɗe shi, in yana zubar da baƙin gari ko yana liƙewa, ita za ta sha dattin, babbar ta tsira. An sauya wa dukansu bel da robar da ke matse zare, domin robar da ta daɗe a ajiye takan sandare ko ta narke, kuma ita ce ke sa na'ura ta tauna kaset. Abin da ke kai hoto cikin kwamfuta shi ma an zaɓi mai fahimtar SECAM, don ba kowane ɗan araha ne ke yi ba.

Ga yadda aikin ke tafiya yanzu. Kaset in ya iso, ana rubuta sunan mai shi da abin da ke ciki, a ɓalle ɗan harshen nan na bayansa don kada wani ya danna naɗi bisa kuskure ya goge shi. Ana leƙa zaren ta tagar kaset. In akwai fararen ɗigo-ɗigo, fumfuna ce, sai a ware shi, ba ya shiga babbar na'ura. In lafiya yake, a tura shi ƙarshe a dawo da shi farko sau ɗaya don zaren ya saki, sannan a kunna. Ba a iya gaggauta kwafi: kaset E-180 awa 3 ne, awa 3 zai ci, wanda kuma aka naɗa da tsarin LP, mai jan zare a hankali, yana kai awa 6, shi ne ma ya fi wahalar daidaita hoto. Ana share kawuna da alkol na isoprofil da ƙyalle mara gashi, a riƙe ƙyallen wuri ɗaya a juya gangar a hankali. Ba a gogawa sama da ƙasa, nan take kan ke karyewa. Muna kuma roƙon jama'a kada a liƙa zaren da ya tsinke da salatif na gida, danƙonsa yana malalowa ya ɓata na'ura.

Ana ajiye hoton a tsarin DV, wanda awa ɗaya ke cin kusan giga 13. Faifai mai tera 4 yana ɗaukar kusan awa 300, wato kaset 100 na awa 3. An sayi biyu, na biyun kwafin na farko ne kuma ba a ɗakin yake kwana ba. Mai kaset yana karɓar nasa a MP4 mai sauƙin buɗewa a waya, tare da kaset ɗinsa. A gida a jingine shi tsaye kamar littafi, nesa da rana da lasifika, don maganaɗisu yana goge naɗi. Shirye-shiryen tele kuwa don adanawa da kallo a ɗakin ake kwafe su, ba na sayarwa ba ne.

Godiya ta musamman ga Alhajin da ya ba da soron nan kyauta, bai nemi haya ba, ya kuma roƙi kada a ambaci sunansa. Allah ya saka masa da gidan aljanna, ya jiƙan magabatansa. Haka ɗanmu da ke zaune a Faransa, wanda ya yi ta bin masu sayarwa yana gwada na'ura da kaset ɗin da aka aika masa har ya dace, bai karɓi ko sisin wahala ba. Iyayenmu mata 'yan adashi sun ba da kwasa guda cur, sarkin aikin magina ya yafe rabin kuɗin hannunsa. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a.

Aiki dai bai ƙare ba. Ana kawo mana ƙananan kaset-kaset na kyamara, na biki da suna da saukar karatu. Na VHS-C akwai gidan da ake saka su su shiga babbar na'ura, amma Video8 da Hi8 zarensu daban ne, sai da kyamarar da ke karanta su, MiniDV kuma yana buƙatar kyamara da wayar FireWire. Babu ko ɗaya a hannunmu. Duk mai irin wannan kyamara a akwati, ko ba ta ɗaukar hoto in dai tana kunna kaset, ya taimaka ya ba da aro. Ana kuma buƙatar faifai biyu na gaba, domin na yanzu za su cika kafin a kai rabin abin da ke kan kanta, da ƙarin batir don kada kwafi ya yanke a tsakiya in kuran ya ɗauke. Jika 100 da ta rage ba za ta kai ba. Mai gudummawa ya kai wa ma'aji ya karɓi rasit, mai kaset kuma ya kawo shi kafin damina ta sauka, don danshi ne ke tayar da fumfuna.