A Ba Louis Couperus Fili a Shafin Adabi

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri a gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in kawo shawara game da shafin adabi. Duk lokacin da aka tashi gabatar wa mai karatun Hausa marubutan ƙetare, ba a cika wuce na Ingila ba, sai jefi-jefi a leƙa Faransa ko Rasha. Dalilin a fili yake, da Turancin Ingilishi muka yi makaranta. To amma akwai wani mawallafi ɗan ƙasar Holan da nake ganin bai kamata mu ci gaba da zama ba mu san shi ba, domin ya rubuta littafi a kan mulkin mallaka wanda duk ɗan Arewa da ya karanta zai ji kamar labarin garinsu ake ba shi. Sunansa Louis Couperus.

An haife shi a birnin Hague ranar 10 ga Yuni, 1863, shi ne auta a cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Gidansu gidan ma'aikatan mulkin mallaka ne kaka da kakanni. Mahaifinsa ya yi alƙalanci a tsibiran da a yau ake kira Indonesiya, waɗanda a lokacin suke hannun Holan, haka ma dangin mahaifiyarsa sun riƙe manyan muƙamai a can. A 1872, yana ɗan shekara tara, iyayensa suka tafi da shi Bataviya, wato Jakarta ta yanzu, bai dawo Holan ba sai 1878. Ke nan ya tashi ne a irin gidajen nan na Turawan mulki, masu faffadan tsakar gida da barori rututu, yana ganin yadda manya ke ba da umarni, yana kuma jin abin da barori ke faɗa in sun keɓe.

Da waƙa ya fara. Ya fitar da diwaninsa na farko a 1884, na biyu a 1886, amma masu sharhin zamanin ba su raga masa ba, sun ce kwalliyar kalmomin ta fi ma'anar yawa. Sai ya juya ga ƙagaggen labari. A 1888 jaridar Het Vaderland ta riƙa buga labarinsa Eline Vere kashi-kashi, a 1889 ya fito a littafi, kuma daga nan sunansa ya zagaye ƙasar. Labarin wata budurwa ce 'yar masu hali a Hague, wadda ba ta rasa komai ba sai kwanciyar hankali, ta warware baikonta da mutumin kirki, ta yi ta gararamba har maganin barci ya zama ajalinta. Littafi ne mai kyau, sai dai ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne De stille kracht, wanda za a iya kira Ɓoyayyen Ƙarfi da Hausa. Couperus ya koma tsibirin Jawa a 1899 tare da matarsa Elisabeth Baud, suka sauka a gidan wani surukinsa da ke riƙe da muƙamin Razdan, kuma a can ya rubuta littafin, ya fito a 1900. Mai karatu ya lura da shekarar. A ranar farko ta wannan shekara ce aka ɗaga tutar Ingila a Lakwaja aka shelanta cewa Arewacin Najeriya ta shiga hannun Turawa, shekara uku bayan haka Kano da Sakkwato suka faɗi. Tsarin da aka zo aka ɗora mana, na a bar sarki a kan karagarsa amma a zaunar da Razdan a gefensa, ya riga ya daɗe a Jawa. Mutanen Holan ma har a takardun aiki suna kiran basaraken ƙasa ƙanen Razdan, wai Razdan ne yaya.

Jarumin littafin shi ne Razdan Van Oudijck, mai kula da wani lardi da marubucin ya ƙirƙira ya sa wa suna Labuwangi. Abin da ya burge ni shi ne Couperus bai mai da shi mugu ba. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya cin hanci, yana son lardinsa, yana kwana a kan takardu, kuma har cikin zuciyarsa ya yarda cewa shi uba ne ga mutanen ƙasar. Da an zana shi azzalumi mai bulala, da mai karatu ya tsine masa ya rufe littafi ya huta. Amma da yake mutumin kirki ne, dole ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa duk ƙoƙarinsa bai sa an so shi ba. Littafin bai ɓoye amsar ba: ƙasar ba tasa ba ce, kuma masu ita ba su taɓa mantawa ba ko da suna durƙusa masa.

Rikicin ya taso ne a kan wani basarake, ƙanen babban sarkin lardin mai suna Sunario. Mutumin ya lalace da caca da giya, ya cinye albashin ma'aikatansa, har wata rana ya yi tamɓele a bainar jama'a a wajen wani biki. Razdan ya yanke shawarar tuɓe shi. A shari'ance yana da gaskiya, ba wanda zai ce a bar irin wannan a kan mulki. Sai mahaifiyarsu, tsohuwa mai martaba wadda mijinta ya yi sarauta kafin 'ya'yanta, ta zo da kanta roƙo. Ta zube a ƙasa gaban Bature, ta kama ƙafarsa ta ɗora a kan wuyanta, tana cewa a rufa wa gidansu asiri. Ran Razdan ya sosu ƙwarai, domin ya san mijinta kuma yana girmama shi, amma ya ce doka doka ce. Tsohuwa ta miƙe ta tafi. Shi a ganinsa ya hukunta ma'aikaci guda da ya yi laifi. Su kuwa a wajensu an wulaƙanta gidan sarauta gaba ɗaya, kuma baƙo ne ya yi. Mu da muka san yadda aka tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi aka kai shi Lakwaja, da yadda aka yi da wasu sarakunan, ba ma buƙatar dogon bayani kafin mu gane nauyin wannan wuri.

Daga nan ba a yi yaƙi ba. An dai fara raɗe-raɗin bore, Razdan ya kashe wutar da dabara. Amma sai gidansa ya daina zaunuwa. Duwatsu suna faɗowa ba a ga mai jifa ba. Madubi ya fashe. Ana jin bugu da dare a saman rufi. Wasiƙu marasa suna suna ta zuwa suna tona asirin iyalinsa, kuma akwai abin tonawa, don matarsa Léonie tana cin amanarsa har a cikin gida. Wurin da ba a mantawa shi ne daren da ta shiga wanka. Mutanen Jawa suna tauna wani ganye mai rina yawu ya yi ja, kusan yadda muke cin goro. Tana tsaye ita kaɗai, ƙofa a rufe, sai ta ga ɗigon jan yawu a jikinta, sai wani, sai wani, daga kowace kusurwa ana tofo mata, ba baki ba fuska, har ta fita a guje tana kururuwa. Couperus bai taɓa gaya wa mai karatu ko sihiri ne ko kuwa barori ne suka haɗa baki ba, kuma ina ganin ya yi daidai da ya bar shi haka. Ko wanne ne, saƙon ɗaya ne. Mutanen da ke share maka ɗaki suna dafa maka abinci sun san komai naka, kai kuwa ba ka san komai nasu ba.

Razdan ya tunkari sarki, abubuwan suka lafa, amma shi kansa ya riga ya karye. Mutumin da a da ba ya yarda da komai sai abin da ido ya gani ya koma mai zargi da tsoro. Iyalinsa suka watse, ya ajiye aiki alhali ana shirin ƙara masa girma, ya koma wani ƙauye kusa da Garut ya zauna da wata mata 'yar ƙasa. An rubuta wannan shekara arba'in da biyar kafin Sukarno ya shelanta 'yancin Indonesiya ranar 17 ga Agusta, 1945, a lokacin da yawancin mutanen Holan ke ganin mulkinsu a can ba shi da ranar ƙarewa.

Ba zan ɓoye inda littafin ya sosa mini rai ba, kuma ina so duk wanda zai gabatar da shi ya faɗi wannan. Akwai wani Alhaji mai fararen kaya da ke giftawa lokaci-lokaci a cikin labarin kamar fatalwa, ana ganinsa duk sa'ad da wani abu mara daɗi zai faru. A shafukan ƙarshe ma, a tashar jirgin ƙasa, jama'a sun yi dafifi suna tarbar alhazan da suka dawo daga Makka, suna sumbatar hannuwansu, Turawa biyu suna kallo gabansu na faɗuwa. A idon Couperus, Musuluncin mutanen Jawa wani abu ne mai duhu da ban tsoro da ke ƙarƙashin ƙasa yana jiran rana. Bai shiga zuciyar Alhajin ba ko sau ɗaya, bai bar shi ya yi magana ba. Haka kuma yana yawan jingina halin mutum ga jininsa, musamman waɗanda suka haɗa jinin Bature da na 'yan ƙasa, kuma wannan tunani ne na zamaninsa da ba za mu karɓa ba. Duk da haka tsoron da ya zana tsoro ne na gaske da masu mulki ke fama da shi. Tun 1873 Holan take yaƙi da Musulmin yankin Aceh na Indonesiya, a 1888 kuma an yi bore a yankin Banten na Jawa wanda malamai da alhazai suka jagoranta. Irin wannan fargaba ce ta sa Turawan Ingila suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi a 1903 lokacin da ya nufi gabas da jama'arsa, ita ce kuma ta sa suka yi ta sa ido a kan masu tafiya hajji ta hanyar Sudan. Mun san labarin daga ɓangarenmu. Wannan littafi yana nuna mana yadda abin yake a cikin ɗakin kwanan wancan ɓangaren.

Jawa ba ta sake shi ba ko bayan ya bar ta. A 1906 ya fitar da labarin wasu tsofaffi biyu a Hague, mace mai shekara 97 da namiji mai 93, waɗanda kullum suke zama tare a bakin taga ba sa cewa komai. Shekara sittin da suka wuce, a Jawa, sun kashe mijin matar a wani dare na ruwan sama, suna zaton ba wanda ya sani a cikin zuriyar. Ashe ɗanta ya gani yana yaro, ya tsufa da abin a ransa, kuma asirin ya yi ta tsiyaya cikin zuriyar har jikoki. Da yawa daga masana adabin Holan suna sa wannan littafi a sahun gaba na ayyukansa.

Sauran rayuwarsa ta tafi a yawo da rubutu. Ya zauna a Nice ta Faransa da biranen Italiya shekaru da dama, Yaƙin Duniya na Farko ya maido shi gida a 1915. A wannan shekara ya fitar da littafi a kan Abu Abdullahi, sarkin Musulmi na ƙarshe a Garnaɗa ta Andalus wanda ya miƙa birnin a 1492, a 1920 kuma ya fitar da wani a kan Iskandar na Makidoniya. Ya ziyarci Aljeriya da Tunisiya, sannan ya sake zuwa Indonesiya ya zarce Japan yana aiko wa wata mujalla labarin tafiya. Da ya cika shekara sittin a 1923 masoyansa suka tara kuɗi don taimaka masa da gida a ƙauyen De Steeg, amma bai daɗe a ciki ba, ya rasu ranar 16 ga Yuli na wannan shekara sakamakon gubar da ta shiga jininsa. Bai bar ɗa ba. An tattara ayyukansa a mujalladi hamsin, an buɗe gidan tarihi da sunansa a Hague, kuma a 1974 gidan talabijin na Holan ya mai da Ɓoyayyen Ƙarfi wasan kwaikwayo wanda ya ja hankalin ƙasar sosai.

Mu a nan mun san Holan da atamfa da madarar gwangwani da 'yan ƙwallo. Ita kanta atamfar, daga rinin zannuwan mutanen Jawa masaƙun Holan suka kwaikwayo ta kafin ta iso kasuwanninmu, don haka tsibirin bai yi mana nisan da muke zato ba.

Roƙona, ya Edita, shi ne a ware wa wannan mawallafi mako biyu ko uku a shafin adabi, a fassara babin roƙon tsohuwar da babin tashar jirgin ƙasa, sannan a nemi wani malamin tarihi da ya san zamanin Razdan da En'e ya yi sharhi a kai. Marubucin ya haura shekara ɗari da rasuwa, saboda haka ba sauran maganar haƙƙin mallaka a kan asalin littafin, kuma tsohuwar fassarar Ingilishi da aka yi tun farkon shekarun 1920 tana nan kyauta a intanet. Idan aka samu ɗaya daga cikin ɗalibanmu da suka yi karatu a Holan ya duba fassarar da asalin harshen, zai fi kyau. Ni ma a shirye nake in ba da tawa gudummawar wajen gyaran Hausar idan an buƙata.

Allah ya ƙara basira, ya taimake ku a kan aikinku.

Wassalam.

Naku,
Mai bibiyar shafin adabi, daga Zariya