Amsa Ga Kocin Yaran Tudun Wada: Lamba 9 Zai Iya Komawa Tsakiya?

Ƙanena Koci, assalamu alaikum.

Na ga tambayar da ka jefo mini a Facebook. Ka ce kana da yaro lamba 9 a ƙungiyarku ta Tudun Wada a nan Gusau, ya daina zura ƙwallo, kana so ka mayar da shi tsakiya, shin ɗan wasan gaba na iya zama ɗan tsakiya? Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan zan ba ka amsa.

Yana yiwuwa. Amma dalilin da ka kawo, wato ya daina ci, bai kwanta mini ba. Tsakiya ba mafakar wanda gaba ta gagara ba ce.

Na san Joelinton ne a ranka. Newcastle ta saye shi daga Hoffenheim a 2019 kan fam miliyan 40, ta ba shi riga mai lamba 9, ya ci ƙwallo 2 kacal a kakarsa ta farko a Firimiya. A Nuwambar 2021, a wasa da Norwich, aka ba ɗan bayan Newcastle Ciaran Clark jan kati tun wasa bai yi nisa ba, dole ta sa koci Eddie Howe ya janyo Joelinton tsakiya. Ya kammala kakar a matsayin gwarzon ƙungiyar, a 2023 kuma Brazil ta gayyace shi. Abin da ake mantawa shi ne, tun yana ɓarar da ƙwallaye a gaban raga yake bin abokin hamayya da gudu, yana sa ƙirji, yana ƙwato ƙwallo. Kayan aikin suna jikinsa tun farko, Howe gano su ya yi. Haka Mousa Dembélé ɗan Beljiyam, wanda koci Martin Jol ya dawo da shi tsakiya a Fulham: da wuya a raba shi da ƙwallo, ko mutum biyu suka taru a kansa.

Sai ka dubi Wayne Rooney. Kocinsa a Manchester United, Louis van Gaal, ya sa shi tsakiya a 2016, ya kuma yi kyau a wasan ƙarshe na kofin FA da Crystal Palace. Idan an ba shi fili, dogon fasin ɗinsa abin kallo ne. Da aka matsa masa a gasar Turai ta shekarar, ranar da Iceland ta fitar da Ingila da ci 2-1, ƙwallo ta riƙa kuɓuce masa. Mourinho na karɓar United daga hannun van Gaal ya ce ba zai sa shi can baya ba. A ganina ya yi gaskiya, domin an kai Rooney wurin ne bayan ƙafa ta fara nauyi.

Ga inda bambancin yake. Ɗan gaba ya rasa ƙwallo sau goma, ya ci ɗaya, a ɗaga shi sama. Ɗan tsakiya ya rasa ta sau ɗaya a gaban 'yan bayansa, sai gola ya shiga raga ɗauko ta. Ta kowace kusurwa ake zuwar masa, dole ya waiga kafin ƙwallo ta iso, ya san inda zai ajiye ta. A filayenmu masu tauri da tsakuwa, inda ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, wannan taɓawar farko ta fi wuya.

Saboda haka ka lura da yaron a atisaye lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarsa. In ta kuɓuce, yana biyo ta ko tsayawa yake ya riƙe ƙugu? Yana waige? In ka gamsu, ba shi lamba 8, wato ɗan tsakiya mai hawa gaba, ka ajiye masa mai tsaro a bayansa, kada ka damƙa masa lamba 4, wato aikin mai tsaron kansa. Ka fara da wasannin sada zumunta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma ka zauna da shi tukuna, wannan ya fi damuna. Alex Iwobi ya riƙe tsakiya tare da Frank Onyeka har Super Eagles ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Kwaddibuwa a 2024, amma da aka sha kashi shi aka yi wa ca da zagi, don aikin wurin ba kowa ke ganinsa ba. Yaron da ya saba jin sunansa a bakin 'yan kallo sai ya yarda da zuciyarsa zai iya rayuwa babu wannan. In ya ce a'a, bar shi a gaba, ku koma gyaran bugun raga.

Naka,
Yayanka a harkar.