Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Matashin Da Ya Tambaye Ni Wa Za Su Gayyata Zaman Burtali

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, a taron matasan garinmu ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni su wa ya kamata ku gayyata zaman da kuke shiryawa kan rikicin burtali kafin a shiga girbi, sai aka kira magariba ban samu damar amsa maka ba. Ga amsata.

Kada ku wuce mutum takwas, yadda kowa zai riƙa ganin fuskar mai magana. Sarkin noma da arɗo ba makawa su zo, amma ban yarda su kaɗai su wakilci mutanensu ba, domin mai rawani yakan auna maganarsa da kujerarsa. Ku nemo manomin da gonarsa ke bakin burtali, wanda shanu suka taɓa yi wa ɓarna, ku kuma nemo makiyayin da shi da kansa yake kora garke zuwa mashaya, wanda zai iya nuna muku inda noma ya cinye hanya har ta tsuke. Ku ƙara da dattijon da ya yi wayo lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar wuraren kiwo a 1965, ya ga inda iyakokin suke kafin a fara matsar da su.

Ka ambaci hakimi, ni kuwa shawarata ku bar shi, ba don raini ba. Muddin ya zauna, "ranka ya daɗe" za ta cinye zaman, kowa ya jira ya ji inda ya karkata sannan ya bi. Gara ku gama ku kai masa abin da kuka cim ma. Haka nan kada ku haɗa mutum da surukinsa, musamman a ɓangaren Fulani, domin kunya za ta rufe masa baki. Ɗan takara kuwa ko shayi ya ce zai saya muku, ku yi masa godiya kawai.

Akwai wadda ba ka ambata ba, wato mai tallar nono. Kullum tana tsakanin ruga da gari, kuma ita ke fara jin ƙorafin kowane ɓangare. Ku nemi izinin maigidanta, ku gayyato ta tare da wata dattijuwa daga gari don kada ta zauna ita kaɗai cikin maza, ku kuma sa zaman da hantsi, kafin ta fita da ƙwaryarta.

Wassalam.